Rijiyar Zaki ko Hotoro? Waɗanda suka zauna su ba ni shawara

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai gidan da nake haya a Fagge zai aurar da ɗansa, ya ba ni wata uku in tashi. Dillali ya nuna min gida biyu, ɗaki biyu da falo kowanne, ɗaya a Rijiyar Zaki, ɗaya a Hotoro, kuɗin kusan ɗaya ne. Shagona yana Kantin Kwari. Maiɗakina tana karatu a sabuwar BUK, wato sabon mazaunin Jami'ar Bayero ta Kano, saura mata shekara biyu, ga goyo. Iyayena kuma suna Tarauni, shi ya sa zuciyata ke karkata Hotoro.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka tausaya wa baiwar Allah nan. Ni daga Hotoro na yi karatuna a sabuwar BUK, na san abin da na gani. Adaidaita uku nake hawa: in fito titin Maiduguri zuwa Dangi, in bi Zoo Road zuwa Ɗan Agundi, sannan in nemi ta Kabuga da titin Gwarzo. Ranar lacca ƙarfe takwas, da na idar da sallar asuba nake saɓa yaro. Lokacin ma ba a cire tallafin mai ba. Tun 2023 kuɗin mota ya zama wani abu daban. Daga Rijiyar Zaki kuwa hawa ɗaya ne, ko yaro ya yi zazzaɓi za ta iya komawa gida tsakanin lacca da lacca. Kai namiji ne, hanya ɗaya za ka bi safe da yamma.

Baban Khalifa: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni shekarata bakwai a Hotoro kuma ban yi nadama ba. Tun da aka buɗe gadar sama ta shataletalen NNPC cunkoson wajen ya ragu sosai. Kayan miya kuwa ga Yankaba a kusa. Sai dai ka tambayi dillalin wane Hotoron yake nufi, don unguwar tana da faɗi. Wani gidan sai ka yi tafiyar minti 20 a ƙasa kafin ka ga kwalta, ga shi tun 2013 aka hana acaɓa a Kano.

Injiniya: Ni ruwa ne ya kore ni daga gidana na farko a Rijiyar Zaki. Na ga famfo a tsakar gida na biya kuɗin shekara har da la'ada, ashe ko ɗigo bai taɓa yi ba. Kura guda nake saye duk kwana biyu, da bazara kuma 'yan garuwa sai wanda suka ga dama. Layi biyu kacal na matsa, na samu gida mai burtsatse, na huta. Ka je da kanka ba tare da dillali ba, ka tsaya wurin mai shayi ko mai kanti, ka tambayi ruwa da wuta da yadda layin yake da damina. Ka duba jikin katanga, in ruwa yana kwanciya za ka ga shaidarsa.

Malamin Islamiyya: Ka kuma tambaya ko mita ɗaya ake rabawa da maƙwabta. Ni abin da ya haɗa ni rigima da mutumin kirki ke nan.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na kai maganar wurin Hajiyarmu, tun kafin in gama ta ce in kai yarinya kusa da makarantarta, Tarauni ba ta gudu. Gobe bayan la'asar zan shiga layin ni kaɗai. Injiniya, ta wane gefen titi gidanka mai burtsatsen yake?