Ƙanina ɗan ninkaya zai gama jami'a, wace hanya ya kamata ya kama?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka san harkar wasanni, musamman ninkaya. Ƙanina ne yake ajin ƙarshe a wata jami'a a kudu, yanzu haka furojet kawai ya rage mishi, kuma tun shekararsa ta farko yake yi wa makarantar iyo. Asalin iyonsa a Dadin Kowa ya koya wajen kakanninmu, duk hutu can ake kai mu, mu muna tsoron ruwa shi kuwa sai an bi shi da bulala kafin ya fito. Da ya je makaranta wani koci ya gan shi ya ɗauke shi ya gyara mishi hannu da numfashi, har ya kai ga ya je gasar jami'o'i ta NUGA ya dawo da tagulla a iyon ƙirji, wanda muke ce wa iyon kwaɗo, sannan sun samu azurfa a na mutum huɗu da ake karɓa-karɓa. Lambobin suna nan rataye a falon Hajiyarmu, duk baƙon da ya zo sai ta nuna mishi.

To matsalar ita ce yanzu gida ya rabu biyu. Baba yana cewa wasa ya ƙare, ya yi bautar ƙasa ya dawo Gombe a nema mishi aiki ko ya zauna a shago tare da ni. Shi kuma yaron ransa na ruwa, yana cewa wata jiha a kudu ta yi mishi maganar ya yi musu iyo a gasar wasanni ta ƙasa, kuma yana mafarkin fita waje ƙaro karatu ta hanyar ninkaya. Ni a tsakiya nake wallahi, ba na so in kashe mishi gwiwa don na ga irin wahalar da ya sha, yaron da yake tashi kafin asuba ya shiga ruwa cikin sanyi sannan ya wuce lacca da jan ido, amma kuma ba na so ya kai shekara talatin ba shi da komai sai lambobi a bango. Waɗanda suka yi iyo a jami'a, ina suke ƙarewa bayan sun gama? Akwai abin yi a ciki ko mu ba shi haƙuri?

Tsohon Koci, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, da farko ka gaishe min da ƙanin naka, ka ce wani dattijo a Bauchi ya ce Allah ya yi mishi albarka. Mutane ba su san nauyin abin da ya yi ba. Ninkaya a ƙasar nan ta 'yan bakin ruwa ce, Delta da Bayelsa da Ribas, yaran da suka buɗe ido suka ga kwalekwale a ƙofar gida, kuma a NUGA ma jami'ar Fatakwal ce ta daɗe tana kwashe lambobi, ko a wadda aka yi a Legas a 2022 su ne suka zo na ɗaya. Yaron Gombe ya shiga cikin waɗannan ya fito da tagulla, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma zan gaya maka gaskiya tunda ita ka nema. Iyo shi kaɗai ba ya ciyar da mutum a Najeriya. Ba kamar ƙwallo ba ne da akwai kulob da albashi ko yaya yake. Kuɗin ɗan ninkaya yana zuwa ne lokacin gasar wasanni ta ƙasa, a ba ka alawus na kwanakin kam, in ka ci lamba gwamna ya yi muku kyauta, shi ke nan sai kuma wata gasar. Ka duba tazarar da kanka, an yi ta Benin a 2021, ta Asaba a ƙarshen 2022, ta Abeokuta sai a watan Mayun 2025. Tsakanin nan me mutum zai ci? Na ga yara masu kyau da suka dogara da wannan kuɗin, ƙarshe suka koma jiran alkawari.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, jikin ɗan iyo ba ya jira. In ya yi sati uku bai shiga ruwa ba shi da kansa zai ji hannunsa ba ya kama ruwa kamar da, in ya yi wata shida kuwa sai ya faro kusan daga tushe. Shi ya sa shekarar bautar ƙasa ita ce take kashe yawancinsu, a tura yaro ƙauye ya koyar a sakandare, babu wurin ninkaya sai rafi, kafin ya gama ya yi tumbi. Don haka in yana so ya ci gaba, tun kafin ya fita daga kam ya nemi takardar buƙata daga hukumar wasanni ta jihar da aka tura shi ko wata makaranta mai wurin ninkaya, a ajiye shi a can. Alawus ɗin bautar ƙasa ma yanzu ya koma dubu 77 tun 2025, zai ɗan riƙe shi.

Shawarata ita ce ya karɓi tayin jihar nan, ya yi musu gasa ɗaya ko biyu tun ƙarfinsa na nan, amma da sharaɗi a rubuce ba na baki ba. A lokaci guda ya nemi satifiket na koci, akwai cibiyar horar da masu wasanni ta ƙasa a Surulere a Legas, NIS, suna kwas na koyarwa, ga kuma kwasa-kwasan da hukumar ninkaya ta ƙasa take shiryawa lokaci lokaci. Mu nan arewa masu koyar da iyo da takarda a hannu ba su da yawa ko kaɗan. Bauchi ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa har sau biyu, 1991 da 2000, mun ga yadda garin nan ya cika da 'yan wasa, amma yau ka tara yaran unguwa ka tambayi wa ya taɓa ganin layin iyo na mita 50 da idonsa, za ka sha mamaki. Yawancin wuraren da ake da su na otal ne, gajeru, na shaƙatawa. Wannan rashin yana min ciwo ƙwarai, kuma irin su ƙaninka ne za su iya cike shi.

Injiniya Yelwa:

Baba Koci ya gama magana, ni dai zan ƙara a kan batun fita waje ne don ina bin gasar jami'o'in Amurka sosai a YouTube. Can tsarin daban ne, jami'a ce take renon ɗan iyo, ta ba shi tallafin karatu da koci da likita da abinci, shi ya sa za ka ga zakarun duniya ɗalibai ne. Léon Marchand na Faransa da ya ci zinare huɗu a Paris a 2024 a jami'ar jihar Arizona ya yi iyo ƙarƙashin Bob Bowman, kocin da ya horar da Michael Phelps. Katie Ledecky a Stanford ta yi karatu, tana da zinare tara na Olamfik.

To amma abin da nake so Ɗan Jekadafari ya lura da shi, ko a can ɗin irin waɗannan 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan masu gama jami'a ranar gasarsu ta ƙarshe ita ce ranar da suke ajiye iyo, a kira sunansu a ba su fure iyaye su yi hoto, sai kowa ya kama aikin da ya karanta ko ya wuce digiri na biyu. Har manyan ma haka suke yi. Maya DiRado ta ci lambobi huɗu a Rio a 2016, biyu zinare, tana dawowa ta yi ritaya ta kama aiki a kamfanin McKinsey. Jenny Thompson mai lambobin Olamfik 12 likita ta zama, ɓangaren sa barci a tiyata. Wanda ya fi burge ni shi ne Nic Fink, shi ma iyon ƙirji yake kamar ƙaninka, injiniyan lantarki ne yana aikinsa cikakke yana atisaye, kuma a haka ya ci azurfa a mita 100 a Paris yana da shekara 31. Mu dawo Afirka, Kirsty Coventry ta Zimbabwe a jami'ar Auburn ta yi iyo, ta tara lambobin Olamfik bakwai, ta zama ministar wasanni a ƙasarsu, a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya. Duk cikinsu babu wanda ya saki karatu.

Sai dai kar yaron ya sa rai da yawa a kan tallafin iyo na Amurka, domin a babban rukuninsu, bisa dokar da suke bi a 2025, shekara huɗu ake ba mutum ya yi gasa a cikin shekara biyar, kuma lissafin yana farawa ne tun ranar da ka shiga jami'a ko a wace ƙasa ce, wanda ya gama digiri a nan kusan lokacinsa ya ƙare. Sannan su agogo suke kallo ba lamba ba, za su tambaye shi sakan nawa yake yi a mita 100, a wane wuri, da wace na'ura aka auna. In yana son fita gara ya nema ta ƙofar karatu, sakamako mai kyau, ya je digiri na biyu ya shiga kulob ɗin iyo a can. Kuma ya yi hankali da masu cewa kawo kuɗi mu samo maka skolashif, dan Allah.

Ba wai babu fata ba ne fa. Abdul-Jabar Adama ya ciyo wa Najeriya azurfa a gasar matasa ta duniya a Romaniya a 2025, a mita 50 salon malam buɗe littafi, abin da ba mu taɓa samu ba. Amma irin wannan tun suna ƙanana ake fara gina su.

Maman Biyu, Bolari:

Ni ba ruwana da lamba ko Amurka, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa. Duk damina sai an kawo mana yaro da aka tsamo daga kududdufi ko kwari, wani a samu sa'a wani kuma sai dai a rufe shi da zane a kira mahaifinsa. Ranar da ba zan manta ba yaro ne ɗan firamare, takalminsa ɗaya a ƙafa, wai ƙwallo ya bi. Waɗanda suka tsamo shi sun yi ta danna mishi ciki suna juya shi ƙasa, babu wanda ya san yadda ake danna ƙirji da hura numfashi. Ga haɗarin kwalekwale da muke ji kullum a jihohin arewa, mata da yara su tafi biki ko kasuwa su ƙare a ruwa.

Don haka ɗan uwa ka gaya wa Baba da ladabi cewa abin da yaron nan ya iya ba wasa ba ne, ceton rai ne. In ya dawo Gombe ya buɗe ajin koya wa yara iyo ranar Asabar da Lahadi wallahi ni ce ta farko da zan kawo nawa in biya. Kuma in da hali ya horar da mace ko biyu, saboda da yawanmu muna so 'ya'yanmu mata su koya amma ba za mu kai su wajen namiji ba, a ware musu lokacinsu da kayan da suka rufe jiki.

Na Ruwa:

Ni kam ban yarda a ce ya dawo ya zauna koyar da yara tun yanzu ba, Hajiya ki yi haƙuri, wannan zai iya yi ko yana da shekara hamsin. Yaro mai digiri mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ba shi tsoro, me ya hana shi neman sojan ruwa? Suna ɗaukar masu digiri ta gajeren kwas na hafsoshi, DSSC, bayan an gama bautar ƙasa, kuma a wajen tantancewa da horo yawancin yaranmu na arewa ruwa ne yake ba su wahala, shi kuwa nan ne gidansa. Yana ciki zai ci gaba da iyo don sojoji ma suna da gasanninsu, ga albashi ga fansho. In bai son kaki akwai aikin nutso na kamfanonin mai, amma wannan sai da kwas na musamman mai tsada kuma akwai haɗari, ba na ba da shawararsa kai tsaye. Fom ɗin soja dai ta intanet ake cikewa a shafinsu, kar ya ba kowa ko sisi.

Ɗan Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Koci na tura mishi maganarka yadda take, ya kira ni muka daɗe a waya, ya ce batun bautar ƙasa shi ne abin da yake hana shi barci don ya ga yadda ta cinye waɗanda suka riga shi. Ya yarda zai nemi jihar ta rubuta mishi takarda kafin ya amsa musu. Injiniya maganar shekara biyar ɗin nan ta ɗan sanyaya mishi jiki amma ya ce gara da ya ji yanzu. Batun soja kuma Baba zai fi saurin yarda da shi, sai dai Hajiyarmu ce ba na jin za ta so, zan bari sai Juma'a in mun haɗu gaba ɗaya in kawo maganar a hankali.

Maman Biyu, yaron ya ce in gaya miki in ya zo hutu bayan kare furojet zai gwada aji na sati biyu ko da yara goma ne, in an samu otal ɗin da zai ba da wurinsa da safe kafin baƙi su fito. Wanda ya san manajan da za a iya yi wa magana a cikin Gombe dan Allah ya taɓa ni ta inbox, kuma Baba Koci in ba damuwa ina son lambarka, yaron yana so ya tambaye ka lokacin da NIS suke buɗe fom da abin da ake buƙata.