Iri ɗaya ne, ko kuwa iri biyu nake gani?

Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Kwana huɗu ke nan ina kama malam-buɗe-littafin dare a jikin fitila kusa da gonata ta masara. Wasu fukafukansu na sama ruwan ƙasa ne da ɗigon fari a ƙarshe, wasu kuma toka-toka kawai, babu zane. Na ƙasan duk farare ne da baƙin baki-baki.

Tsutsar da na ciro daga kunnen masara tana da alamar Y a juye a kai, irin tsutsar nan mai cin masara da ake kira fall armyworm, wadda ta shigo Najeriya a 2016. Shin waɗannan malam-buɗe-littafin namiji da mace ne na irinta, ko akwai na tsutsa mai huda kara a cikinsu? Don Allah me zan duba kafin in sayi magani?