Tasha mai lamba 23 a Shikago: mene ne tarihinta, kuma me ya kawo ɗigo a lambobin tashoshi?

Baƙon Shikago ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na daina biyan kuɗin kebul, domin abin da ake cire mini a ƙarshen kowane wata ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na sayi wata 'yar eriya shafal kamar faifai, na manna ta a gilashin taga a hawa na uku inda nake haya. Da na sa talabijin ya nemo tashoshi da kansa, ya jero mini fiye da yadda na zata, amma lambobin sun zo da wani tsari da ban saba gani ba, wato 23.1 da 26.1 da 26.2 da 26.3 da makamantansu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shirin da ake nunawa a 23.1 shi ne ake nunawa a 26.3, dukansu MeTV mai nuna tsofaffin shirye-shirye, sai dai ta 26.3 tana zuwa garau, ita kuwa 23.1 wani lokaci hotonta yakan farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, murya ta ɗauke, musamman ranar da ake iska.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya tashi a unguwar, ya ce mini lamba 23 ƙaramar tasha ce tun asali, kuma a da shirye-shiryen baƙi take yi cikin harsunansu. Ina roƙon wanda ya san tarihin wannan tasha ya bayyana mini yadda aka yi ƙaramar tasha ta zama gidan shirin da ake kallo a duk faɗin Amurka, ya kuma fahimtar da ni ma'anar lambar da ke bayan ɗigo.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya, kuma farfashewar hoton da kake gani tana da nasaba da irin lasisin da tashar take riƙe da shi. Sunanta a hukumance WWME-CD, mallakar kamfanin Weigel Broadcasting, kuma tana cikin rukunin tashoshi masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ita ta kafa wannan rukuni a 1982, da nufin ƙananan garuruwa da al'ummomin da manyan gidajen talabijin ba su damu da su ba su samu tasha mai sauƙin kuɗi. A tsarin dijital na yanzu, irin wannan tasha ba ta wuce kilowat 15 a zangon UHF (na manyan lambobin tashoshi), ko kilowat 3 a zangon VHF (na ƙananan lambobi), alhali babbar tasha a UHF an yarda mata ta kai kilowat 1,000. Tashar 23 da babbar tasha ta 26 duk daga kan dogon benen Willis suke watsawa, amma mai raɗa da mai kururuwa ba ɗaya ba ne idan bango da gilashi suka shiga tsakani.

Sharaɗin da ya fi ciwo a lasisin shi ne matsayinsa na ɗan rakiya. Idan ƙaramar tasha ta shiga wa babba hanci, ita za ta matsa ko ta rufe, kuma kamfanonin kebul galibi doka ba ta tilasta musu ɗaukarta kamar yadda ta tilasta musu ɗaukar manyan tashoshi. Masu irin waɗannan tashoshi sun daɗe suna kuka da haka, har majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1999 wadda ta samar da aji na musamman, ajin A. Tashar da take watsawa aƙalla awa 18 a rana, kuma take da shirin da aka shirya a yankinta na aƙalla awa 3 a mako, ta samu damar neman kariya mai kama da ta manya, ko da yake ƙarfinta bai ƙaru ba. Haruffan CD da ke ƙarshen sunan tasharka suna nufin ajin A ne a dijital.

Ita lamba 23 ta fara aiki ne a 1987 da suna W23AT. A lura da yadda sunan yake, domin haka ake raɗa wa ƙananan tashoshi suna: harafin W saboda tana gabas da kogin Misisipi, sai lambar tashar, sai haruffa biyu. A 2001 ta koma WFBT-CA, tana sayar da lokaci ga masu shirya shiri cikin harsunan baƙi. A watan Janairun 2003 aka keɓe 'yan awanni da rana ana maimaita tsofaffin wasannin talabijin na shekarun 1950 zuwa na 1980, aka sa wa wannan yanki suna Me-TV, wanda aka taƙaito daga kalmomin Turanci masu nufin nishaɗin da ba a mantawa da shi. Neal Sabin, jami'in Weigel, shi ne ya ɗauki nauyin wannan tunani. Abin ya karɓu, har ranar 1 ga Janairun 2005 aka sauya wa tashar suna zuwa WWME-CA, tsofaffin shirye-shiryen suka mamaye dare da rana, aka kwashe na baƙi zuwa lamba 48.

Batun ɗigo kuwa, ga yadda yake. Kowace tasha a Amurka an yanka mata fili mai faɗin megahaz 6. A zamanin analog wannan fili hoto ɗaya tak yake ɗauka. Da aka koma dijital a tsarin ATSC, filin ya zama kamar bututu mai ɗaukar kimanin megabit 19.39 a kowace daƙiƙa, kuma mai tasha yana da ikon raba shi yadda ya ga dama: ya ba hoto ɗaya mai tsananin kyau kaso mafi tsoka, ya yayyanka ragowar ga rassa uku ko huɗu ko fiye. Lambar da ke bayan ɗigo ita ce lambar reshe. Idan aka cika rassa, kowanne rabonsa yakan ragu, shi ya sa za ka ga fuskar mai magana tana fita tsaf, amma da zarar an nuna gudun mota ko ruwan sama sai hoton ya dagule. Ita 26.3 reshe ce a jikin WCIU, babbar tashar Weigel, don haka tana cin moriyar ƙarfin babba.

Malamar Nazarin Jarida ta amsa:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara sani. Bayaninka ya wadatar ta fuskar na'ura da doka, amma akwai wata jimla da ka wuce ta da sauri, wato inda ka ce an kwashe shirye-shiryen baƙi zuwa lamba 48. A ganina nan ne zuciyar tarihin take, domin ba su daɗe a can ba. A watan Maris na 2008 ita ma lamba 48 aka mayar da ita gidan tsofaffin shirye-shirye, aka kira ta MeToo, sunanta ya koma WMEU. Kuma wannan ba shi ne karo na farko da hakan ta faru a gidan ba. WCIU kanta, wadda ta buɗe a 1964 a matsayin tashar UHF ta farko a Shikago, ta yi shekaru talatin tana rayuwa da rahoton kasuwar hannun jari da rana, da shirye-shiryen Sifaniyanci da na sauran al'ummomi, kafin ta rikiɗe ta zama tashar nishaɗin kowa da kowa a farkon 1995. Duk lokacin da aka gano abin da ya fi kawo talla, mai shirin harshen gida ne ake cewa ya tattara ya matsa gaba.

Ina so ɗan'uwanmu mai tambaya ya fahimci abin da ake nufi da sayar da lokaci, domin sana'a ce ta ƙananan mutane. Mutum yakan biya tasha kuɗin awa ɗaya ko biyu a mako, sa'an nan ya bi masu kantin kayan miya da masu gidan abinci da masu sayar da tikitin jirgi na al'ummarsa, ya karɓo tallansu don ya mayar da kuɗinsa. A cikin shirin akan ji labarin ƙasar da aka baro, da sanarwar taro da ta rasuwa, cikin harshen da tsofaffin gida suke ji. Birni irin Shikago, mai ɗimbin 'yan asalin Poland da Meziko da ƙasashen Asiya, ya dogara da irin wannan sosai kafin intanet ta yawaita. Domin irinsu aka ƙirƙiro lasisin 1982.

Ba na musun cewa Weigel sun nuna basira. Arhar ƙaramar tasha ce ta ba su damar gwada abin da babbar tasha ba za ta yarda ta sadaukar da lokacinta a kansa ba, kuma sun yi sa'ar lokaci. Ranar 12 ga Yunin 2009 manyan tashoshi suka kashe analog, sai ga ɗaruruwan gidajen talabijin a faɗin ƙasa da rassa a hannu ba su da abin zubawa a ciki. Weigel sun riga sun gwada hannunsu da This TV, wadda suka kafa tare da kamfanin fina-finai na MGM a watan Nuwamban 2008, don haka a watan Disamban 2010 suka mayar da MeTV ta ƙasa baki ɗaya. Tsarin mai sauƙi ne: su kawo shiri, mai tasha ya ba da reshe, a raba lokacin talla. Bayan haka aka yi ta haihuwa: Movies! tare da Fox a 2013, Heroes & Icons a 2014, Decades tare da CBS a 2015, wadda ta koma Catchy Comedy a 2023, Start TV a 2018, har zuwa MeTV Toons a 2024. Sai dai yau abin da mutumin Shikago yake gani a 23.1 kusan shi ne abin da mutumin kowace jiha yake gani, kuma wannan asara ce da ya kamata a ambata ta da sunanta.

Direban Dare ya amsa:

Ina gaida malamai duka. Ni tawa 'yar ƙari ce daga cikin mota. Shekara da shekaru ina kama MeTV FM a 87.7 idan ina aikin dare, kuma fasinjoji masu shekaru suna jin daɗin tsofaffin waƙoƙin da take sawa. Wani fasinja ne ya shaida mini cewa wannan ba gidan rediyo ba ne, lasisin talabijin gare shi. Baba Injiniya, shin haka abin yake?

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Haka yake, Malam Direba. A tsarin analog, muryar tasha mai lamba 6 tana zama a megahaz 87.75, dab da bakin zangon FM, don haka rediyon mota yana kama ta. Wasu masu ƙananan tashoshi suka ga cewa muryar ta fi hoton daraja, suka mayar da tashoshinsu rediyo. Wadda kake ji ita ce WRME, mallakar Venture Technologies, Weigel kuma suke shirya mata abin da take watsawa tun 2015. Da wa'adin analog na ƙananan tashoshi ya cika ranar 13 ga Yulin 2021, ta koma sabon tsarin ATSC 3.0 tare da barin muryar FM a gefe, kuma a 2023 FCC ta yarje wa tsirarun irinta su ci gaba.

Malama, na karɓi gyaranki, kuma na san raɗaɗin da kike nufi, domin na taɓa zama a ɗakin na'ura ina karɓar kaset daga hannun irin waɗannan mutane, wani ya zo da gudu saura minti goma shirinsa ya fara, kaset ɗin a cikin ledar kanti. Abin da zan ƙara shi ne ƙaramar tashar da ba ta da kuɗin shiga mai ƙarfi ba ta da tabbas ko kaɗan. A gwanjon da FCC ta kammala a 2017 an ƙwace megahaz 84 daga talabijin, kamfanonin waya da sauran kamfanonin sadarwa suka biya kimanin dala biliyan 19.8, aka share tashoshi daga lamba 38 zuwa 51, aka cusa kowa a ƙasa da haka kafin tsakiyar 2020. 'Yan ajin A an tanadar musu sabon gurbi, amma sauran ƙananan tashoshi an bar su su nema da kansu, kuma wasunsu a nan suka mutu. Rassa su ne suka rufa wa da yawa daga cikin waɗanda suka tsira asiri, domin mai tasha ɗaya yana iya ba da hayar reshe ga coci, wani ga masu tallan kaya, wani ga shirin harshen baƙi. A manyan birane irin Los Angeles, ta wannan ƙofa shirye-shiryen harsuna da dama suka samu wurin zama na dare da rana, abin da sayen awa ɗaya a mako bai taɓa ba su ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, wannan sauyin mazauni ya shafi tasharka. Lambar da kake gani a allo suna ce kawai da tashar take aikowa a cikin siginarta don kada masu kallo su ɓata. WWME tana amsa 23 amma a iska tana kan 20, ita kuwa WCIU da take amsa 26, ita ce zaune a kan 23 na ainihi. Dukansu UHF ne, don haka eriyarka ta dace da su. Ka ɗaga ta sama gwargwadon iko, ka juya fuskarta wajen tsakiyar gari inda benen Willis yake, ka nisanta ta da ƙarfen taga, sa'an nan ka sake sa talabijin ya nemo tashoshi.

Baƙon Shikago ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka jiya da yamma. Tagar da na manna eriyar tana kallon yamma ne, sai na mayar da ita tagar ɗakin girki mai kallon gabas, na ɗaga ta har kusa da silin, kuma tun daga lokacin 23.1 ba ta farfashe ba. Na karanta wa maƙwabcina bayanin Malama, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa barin shirin harshensu na ranar Lahadi ya wuce ta ba, takan ja kujera har gaban talabijin tun kafin a fara. Malama, ina da ƙarin tambaya idan ba za ki damu ba: idan ƙungiyar al'umma tana son hayar reshe ko sayen awa ɗaya a mako a irin wannan tasha a yau, wa ake fara tuntuɓa, kuma waɗanne takardu ake nema?