Na toshe gilashin bayan motata da katako, an tare ni a hanya: me doka ta ce?

Mai Golf ɗin Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, wanda ya sani don Allah ya yi magana.

Ina jan Golf mai dogon baya, haya nake yi tsakanin ƙauyukanmu na Taura da Ringim. Ranar Lahadi Gujungu, ranar Alhamis in lodi ya samu in leƙa Maigatari. Mako uku da suka wuce a kasuwar Gujungu, ina ja da baya zan fita ta wajen 'yan shanu, wani bijimi ya juyo da kai, ƙahonsa ya daki gilashin baya. Nan take ya zube kamar an watsa gishiri. Mai shanun ya ce ƙaddara ce, ni ma na ce ƙaddara ce, don ban ga alamar hannunsa zai shiga aljihu ba.

Da na koma gida kafinta ya yanko mini falanki daidai wurin, muka ɗaure da waya, muka bi gefensa da baƙar leda saboda ƙura. Yarona ma ya manna fastar wani ɗan takara a kai wai don kada ya yi muni. Jiya ina dawowa masu kaki suka tare ni a wani shinge. Ba zan kama sunan hukumar ba, ba rigima nake nema ba. Ɗaya ya ce laifina tintet ne, in kawo takardar izini ko a tafi da mota. Na ce ranka ya daɗe, katako ne fa. Ya ce ai katako ya fi tintet duhu. Fasinja suka kwashe da dariya, ni ban yi ba. Mun fi awa ɗaya a rana da mata da goyo a mota, ƙarshe sai da na rabu da cinikin rabin yini, ba rasit ba komai.

Shin da gaske doka ta hana rufe gilashin baya? Nawa ne tarar ta gaskiya? Sannan in Allah ya hore na sayi gilashi, ina son a manna mini baƙar ledar nan, saboda in na ɗauko iyali zuwa biki ko asibiti ba na son kowa yana leƙen su. Wannan fa, ya halatta?

Ɗan Kamasho:
Wa alaikumus salam. Maigida, ai wanda ya ce katako ya fi tintet duhu bai yi ƙarya ba. Allah ya mayar da alheri. Amma cire fastar nan tukuna, wataƙila ɗan wata jam'iyyar ne ya tare ka.

Tsohon Direba:
Yaro, na yi shekara sama da talatin ina bin hanyar Kano zuwa Haɗeja, bari in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Manta da masu kaki. Madubin nan na tsakiya da ke saman kanka, me yake nuna maka yanzu? Falanki. Kai da ke shiga kasuwa kana ja da baya cikin yara masu talla da amalanke da 'yan acaɓa, ranar da wani yaro ya tsuguna a bayanka, madubin gefe ba zai nuna maka shi ba. Bijimi ya fasa maka gilashi lokacin da kana gani ma, ina ga yanzu da ba ka gani? Ka ci bashi ka sa gilashi. Mu a da, mai mota ba ya ba ka makulli in gilashi ya tsage.

Makanike a Ringim:
Baba ya faɗi gaskiya, in ƙara da nawa ɓangaren. Gilashin baya ba irin na gaba ba ne. Na gaba fallaye biyu ne da leda a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ya tsaya a wurinsa. Na baya gasasshe ne, in ya samu duka a wuri ɗaya sai ya tarwatse gaba ɗaya ƙanana-ƙanana, don kada ya yanki mutum. Saboda haka ba shi da gyara, sai sabo.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙi. Mota in tana gudu, iskar bayanta juyowa take yi, sai ta janyo hayaƙin salansa ta cusa shi ta kowace kafa da ke baya. Falanki da leda ba sa rufewa ruf kamar roba. Waɗanda ke kujerar baya su ne ke shaƙa, su yi ta ciwon kai da jiri ana cewa rana ce. Ga sanyi na zuwa, kowa zai ɗage gilashinsa, nan ne abin yake muni. Ka shiga Kano, Ƙofar Ruwa, za ka samu na hannu. Ka tafi da motar a gwada a jikinta, don na doguwar Golf daban, na gajera daban, kada a sayar maka da wanda bai hau ba.

Barista:
Malam Mai Golf, sannu da wannan asara. Abu biyu aka haɗe maka a shingen nan, kuma yawancin direbobinmu haɗe su suke yi. Akwai dokar da ta damu da ko kai kana ganin waje, akwai wadda ta damu da ko na waje yana ganin cikin motarka.

Ta farko maganar kiyaye haɗari ce, aikin hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ne, wato FRSC, da jami'an duba lafiyar mota da muke kira bi'ayo. A takardar laifuffuka ta FRSC, laifin gilashin mota tararsa naira 2,000 ce, laifin madubi 3,000, lodi fiye da ƙima 10,000. Mota mai falanki a madadin gilashi za a iya rubuta ta, kuma ba ka da bakin musu. Amma rubutawa ake yi. Jami'i ya ba ka tikiti mai ɗauke da sunan laifin, ka je ka biya ta Remita a banki ko wurin masu POS da ke yin sa, kuɗin ya shiga asusun gwamnati, ka dawo da shaidar biya. Babu tarar da ake miƙawa a hannu a bakin titi. Kuma ka sani, a wannan takardar dai, yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne na naira 10,000, wato ya ninka laifin gilashin sau biyar.

Ta biyu ita ce dokar hana baƙin gilashi, dokar soja mai lamba 6 ta 1991, zamanin Janar Babangida, kuma har yau tana cikin kundin dokokin tarayya. Ta hana a rina gilashin mota, ko a duhunta shi, ko a yi masa wani abu ta kowace hanya da zai sa ba a ganin mutane ko kayan da ke ciki. Hukuncinta tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, kuma alƙali ne ke yankewa, ba mai tsaye a shinge ba. A 1991 dubu biyu kuɗi ne na gaske, yau ko lita uku ta fetur ba ta saya, amma wata shidan nan bai rage tsawo ba. Dokar ta ma ce wanda ya sayi mota ko ya shigo da ita da baƙin gilashi yana da kwana 14 ya canza.

To falankinka tintet ne? A fahimtata a'a, don babu gilashin ma balle a ce an rina shi, kuma babu wata takardar izinin katako da za ka nema. Wanda ya ce ka kawo ta ya san babu ita. Sai dai kada ka ɗauka ka yi nasara: mai tsaro yana da damar tsayar da motar da ba ya ganin cikinta ya bincika, kuma laifin farko yana nan a kanka.

Mai Shagon Taya:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma akwai tambaya. Motocin kamfani masu rarraba burodi da magani, bayansu ƙarfe ne rufe ruf, babu gilashi ko ɗaya. Tirela ma direbanta bai taɓa ganin bayansa ta tsakiya ba. Me ya sa su ba a kama su? Ko dokar ta talaka ce kawai? Sannan duk Golf da Sharon da ke fita Gujungu ko Shuwarin, buhuna ne har rufi, but a buɗe an ɗaure da igiya. Wa yake ganin bayansa a cikinsu?

Barista:
Tambayarka a kan hanya take. Waɗancan haka aka ƙera su, da manyan madubai na gefe da aka yi don wannan aiki, kuma a haka aka yi musu rajista a matsayin motocin kaya. Golf motar mutane ce, da gilashi ta fito. Su kuma masu buhuna har rufi, laifinsu ya fi na Malam tsada, shi ne na 10,000 ɗin da na ambata. Yawan masu yi bai mayar da shi halal ba, ya dai sa an saba gani.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ni kan maganar iyali zan yi magana, a matsayina na mace mai shiga motar haya. Wallahi in na zo tasha na ga mota da baƙin gilashi, ba na shiga, ko kujera ɗaya ta rage. Zamanin nan da ake sace mutane, wace mace ce za ta yarda a rufe ta inda ba mai ganinta? Ba ni kaɗai ba ce, ka tambayi mata. Za ka kare iyalinka daga idon mutane sau biyu a wata, ka kori fasinja kullum. Matarka tana da hijabi, in tana so ta ƙara niƙabi. In rana ce damuwar, ta saƙala ɗankwali a tagar gefe, in an zo shinge ta zare. Haka muke yi.

Malamin Firamare:
Hajiya ta gama magana. Barista, a taimaka mana da batun takardar izinin, don a rediyo mun ji ana ta kai-kawo a kai, yau a ce za a fara kame, gobe a ce an fasa.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, dokar ta ba Sufeto Janar na 'yan sanda ikon ba da izini, amma bisa dalili biyu kacal: lafiya ko tsaro. Lafiya kamar mai ciwon fata ko na ido da rana ke cutarwa, da takardar likita. Kunya ko kulle ba sa cikin dalilan, duk da mu a nan su ne suka fi sa mutane sha'awar abin. A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da izinin. A 2025 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dawo da shi, ana nema ta intanet a shafin 'yan sanda na POSSAP, aka sa ranar 2 ga Oktoba don fara kame. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta kai ƙara kotu, aka dakatar da kamen a lokacin. Amma duk da wannan taƙaddama, dokar 1991 ba a soke ta ba. Kuma 'yan sanda sun ce har motar da ta zo da duhunta daga kamfani tana buƙatar izini, balle ledar da mai sitika ya manna a bakin kasuwa.

Don haka Malam Mai Golf, ni ban ba ka shawarar sa ta ba. Mota ta haya, a hanyar da ke zuwa iyakar Nijar ta Maigatari, mai shinge bayan shinge, kowane sai ka tsaya ka yi bayani. Labule na dindindin da manyan sitika masu rufe gilashi duka, na malamai ne ko na 'yan siyasa, su ma jan hankali ɗaya suke yi. In kana shiga birnin Kano kuma ga KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci na jihar, su da dokar jiha suke aiki, tararsu daban ce da wadda na lissafa.

In an sake tare ka kafin ka gyara, ka yi sallama, ka ba da takardunka, ka ce ranka ya daɗe na yarda da laifina, a rubuta mini. Kada ka ɗaga murya, kada ka kai hannu aljihu.

Ɗan Kamasho:
Barista, "a rubuta mini" ɗin nan daɗin faɗa gare ta a waya. Ranar kasuwa da fasinja bakwai a mota, in suka riƙe takardu sai ka je banki a Ringim ka dawo, cinikin ranar ya tafi.

Tsohon Direba:
Ya tafi sau ɗaya. Na hannu kuwa duk Lahadi ne, don sun riga sun gane motar. Mota mai falanki da fastar ɗan takara ai ko daga Gumel aka hango ta an san ta. Ya lissafa abin da ya bayar jiya sau huɗu, ya gani ko bai kusa kuɗin gilashi ba.

Mai Golf ɗin Taura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na lissafa, kuma ban ji daɗin lissafin ba. Hajiya, na karanta wa maiɗakina abin da kika rubuta, ta ce ita dama ba ta taɓa cewa a sa mata tintet ba, ni ne da kishina. An bar wannan maganar.

Na yi magana da shugaban tasharmu, za a ba ni rance daga asusun ƙungiya in riƙa biya duk mako. Asabar in sha Allahu zan shiga Ƙofar Ruwa. Oga Makanike, wancan da ya fashe yana da wasu siraran layuka ja a jikinsa, dole sai mai irinsu zan saya?

Makanike a Ringim:
Wayar hita ce, tana kore raɓa da safe lokacin sanyi. In ka samu mai ita a farashi ɗaya ka ɗauka, in babu, tsumma ma yana yi. Ka dai duba kada su ba ka mai duhu, don da yawa na hannun da duhunsu suke zuwa. Ka ɗaga shi a rana, ka sa yaronka ya tsaya ta ɗaya gefen, in ba ka ga fuskarsa sarai ba ka ajiye musu. Kuma ka sayi sabuwar roba, tsohuwar wayar da kuka ɗaura ta riga ta cinye ta.