Wa ya kalli fim ɗin kifin shak ɗin nan ya kwana lafiya?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya da aka kawo wuta ƙanena ya kunna mana The Shallows, fim ɗin 2016 ɗin nan da wata baturiya ta je wasan hawan igiyar ruwa a wani lungun teku a Meziko. Kifin shak ya yage mata cinya, ta maƙale a kan wani ɗan dutse. Ga gaɓa can tana hangowa, bai wuce taku ɗari biyu ba, amma ba halin zuwa, kuma ruwa yana ta cikowa zai shanye dutsen. Ni da ban taɓa ganin teku da idona ba sai ga ni na naɗe ƙafafu a kan kujera, a tsakiyar Katsina, inda ruwan famfo ma sai an taki sa'a. Ni kaɗai ne, ko akwai wanda hakan ta same shi?

'Yar Daura: Wa alaikumus salam Yaya. Mu da kakarmu muka kalla. Tun da kifin ya fara zagaya dutsen ta ce ai wannan macijin Kusugu ne ya koma teku. Ka san mu da labarin muka tashi: maciji a rijiya, ba mai ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Ita har aka gama jira take wani baƙo ya iso da takobi. Da ta ga yarinyar ce ta ceci kanta, sai ta koma faɗan wa ya bar ɗiya mace ta tafi uwa duniya ita kaɗai.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Ƙaura: Ni wurin da ta ɗinke cinyarta da 'yan kunne da sarƙar wuya ne ya sa na ajiye cokali. Ɗaurin da ta yi wa ƙafar don tsayar da jini, wannan daidai ne, domin waɗanda cizon shak ke kashewa yawanci zubar jini ne ajalinsu. Ɗinkin kuwa na fim ne, kada wani ya gwada. Amma gaskiya shak bai ba ni tsoro ba. Wanda ya yi aikin dare a damina ya ga an shigo da yaro a kafaɗa daga kududdufi, riga tana ɗigar ruwa, uwa tana biye ba mayafi, ya san ruwan da ke cin mutanenmu ba shi da haƙori.

Tsohon direba: Yaran nan kuna ba ni dariya. Shekaru na yi ina kai shanu Legas, kuma na ga shak da idona, masunta sun fito da shi bakin ruwa. Bai kai na fim ba ko kusa. Na shafa fatar, kaushi kamar takardar goge katako, kuma da suka yanka babu ƙashi a jikinsa, guringuntsi ne. Fukafukan suka fara yankewa, wai su ne kuɗin. Ku je Yawuri ku tambayi masunta abin da ke hana su barci, za su ce muku dorina. Ita ce ke kife kwalekwale.

Malamin kimiyya, Dutsin-Ma: Baba ya faɗi gaskiya. Nau'in shak ya haura 500, kuma mafi girmansu ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci, bai damu da mutum ba. Waɗanda shak ke kashewa a duk duniya a yawancin shekaru ba su kai goma ba, mu kuwa miliyoyinsu muke kashewa kowace shekara. Tun fim ɗin Jaws na 1975 aka ɓata masa suna. Abin da ya burge ni a wannan shi ne cikowar ruwan: teku yana cika ya janye kusan sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi masa. Na sha koya wa ɗalibai wannan a allo suna kallona kamar mai tatsuniya, su da dam ɗin Zobe kawai suka sani. Da na ba su labarin dutsen da ke nutsewa, nan take suka gane.

Ɗan Ƙofar Marusa: Malam, lissafinka na ji shi, amma ƙafata ba ta sauka daga kujerar ba.

Ɗan Batagarawa: Ni ban ƙarasa shi ba. Ina aji biyu na sakandare muka sato jiki mu huɗu muka tafi dam ɗin Ajiwa wanka. Na ɗan iya iyo, sai na yi nisa don in burge su. Jijiyar ƙafata ta ɗaure. Allah ya sa akwai wani kututture da ya leƙo saman ruwa, na rungume shi. Ina ganinsu a gaɓa, ina jin dariyarsu, sun ɗauka wasa nake. Na buɗe baki in yi ihu, muryar ta ƙi fita. Wani abu ya shafi ƙafata a ƙasa, har yau ban san ko tarwaɗa ce ko ciyawa ba, amma na yi kalmar shahada. Wani dattijo mai kamun kifi ne ya turo gorarsa ya jawo ni, ya kuma tsinka min mari kafin ya tambayi sunan babana. Da baturiyar nan ta fara ɗaga hannu tana kiran mutanen da ke bakin ruwa ba sa jin ta, na ce wa matata ta kashe, na fita waje na zauna a kan dakali.

'Yar Daura: Allah sarki Yaya. To a gida sun ji?

Ɗan Batagarawa: Dattijon ne ya rako ni har ƙofar gida. Mari na biyu a zaure na sha shi.