Girgizar ƙasar Turkiyya ta 2023: me kuka gani na taimakon sojojin waje?

Ɗalibin Adana: Salamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda muke Turkiyya ranar Litinin, 6 ga Fabrairun 2023, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ni ina Adana. Ƙarfe 4:17 na asuba gini ya kama rawa, muka fito ko takalmi babu, ga sanyi kamar ƙanƙara. Bayan nan ƙarar jirage ba ta yanke ba, dare da rana, manyan jiragen dakon kaya na ƙasashen ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO suna sauka a sansanin Incirlik da ke gefen gari. Titin filin jirgin Hatay, lardin da Iskenderun da Antakya suke, ya tsage, shi ya sa kaya da yawa suka biyo ta wajenmu.

Na Iskenderun: Wa alaikumus salam. Mu tashar jiragen ruwanmu wuta ta kama, kwanaki tana ci. Abokin zamana ya karye a ƙafa, asibitin gari kuma wani ɓangarensa ya rufta. Asibitin da sojojin Indiya suka kafa na kai shi a goye. Indiya ba ta cikin NATO, amma wallahi ranar ba wanda ya tambayi wannan. Suka ɗaure ƙafar, ba a karɓi ko sisi ba. Na kuma ga sojojin ruwan Sifen da suka sauko daga jirginsu Juan Carlos I suna tono a ɓaraguzai.

'Yar Antakya: Yayyena, ku kun ga taimako da wuri. A layinmu kwana biyun farko mu ne da maƙwabta muke tono, da hannu da ƙarfen rodi. Muna jin muryar matar da ke sayar mana da burodi a ƙarƙashin siminti, tana kiran sunan ɗanta. Daren na biyu ta yi shiru. Asibitin gado 100 da sojojin Amurka suka kafa ya yi wa mutane amfani, ban musa ba, amma sai da aka yi makonni.

Ɗalibin Adana: Allah ya jiƙanta, ƙanwata. Hanyoyi sun farfashe, ga girgiza ta biyu mai ƙarfin 7.5 da rana tsaka, larduna 11 a lokaci guda.

'Yar Antakya: Amin, Yaya. Na sani. Da injin ɗaga siminti guda ɗaya ya iso layinmu ranar Litinin ɗin nan, da mun fito da ita. Ɗan nata ya rayu, yana wajen kakarsa yanzu.