Abin da Ke Zuci Yana Aunuwa? Musayar Baitoci Kan Ilimin Halayyar Ɗan'adam

Malam Mai Darasi:
Assalamu alaikum. Yau baitocinmu kan yadda ilimin halayyar ɗan'adam ya faro ne, da mazhabobin da suka yi jayayya a cikinsa. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Wanda ya kawo suna, ya haɗo da shekara da yadda aka yi gwajin.

Da sunan Allah nake farawa,
Masanin ɓoye da bayyanawa.

Tambaya ɗaya ce gindin zancen:
Abin da ke zuci yana aunuwa?

Helmholtz ne, wajen 1850,
Ya ɗau jijiyar kwaɗo don dubawa.

Ya sa lantarki kusa da tsoka,
Ya sa can nesa, yana ƙirgawa.

Kusan mita 30 a sakan ɗaya,
Ashe saƙo ba take yake isowa.

In saƙon jijiya na cin lokaci,
Tunani ma ana iya kamowa.

Wundt a Leipzig ta ƙasar Jamus,
1879 ya yi buɗewa.

Ɗakin gwaji na farko ke nan,
Da agogo mai saurin bugawa.

Yana raba sakan gida dubu cif,
Ka ji sauti, maɓalli kake dannawa.

Zagaye na biyu sautukan sun yi yawa,
Guda kaɗai za ka yi amsawa.

Cire na farko daga cikin na biyu,
Saura shi ne lokacin bambancewa.

Dabarar Donders ce ta 1868,
Wundt ya ɗauka yana faɗaɗawa.

Malamar Aji:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka tsallake awon hannu, bari in cike.

Kafin agogo akwai nauyi,
Weber ya sa mutane ɗagawa.

Giram 400 a tafin hannunka,
Sai an ƙara 10 kake ganewa.

In 800 ne, 10 ba ta isa ba,
Sai 20 kafin ka yi shaidawa.

Kashi ɗaya cikin 40 ke nan,
Nauyi na hawa, rabon na tsayawa.

Sai a mai sauƙi ainun, ko mai nauyi ainun,
Nan ne ƙa'idar take karyewa.

Fechner ya ɗora lissafi a kai,
1860 ya yi wallafawa.

Titchener kuwa ɗalibin Wundt ne,
A Cornell ta Amurka yake koyarwa.

Ya ce hankali gini ne na tubali,
Aikinmu tubalan mu yi ta warewa.

Misali a miƙa maka goro guda,
Ka ce "goro ne", ka yi faɗuwa.

Ce ja, ce ɗaci, ce tauri a haƙori,
Sunan abin shi ne na gujewa.

Sama da 44,000 ya lissafa,
Ƙwayoyin ji da gani yake jerawa.

Ɗan Autan Aji:
Malama, ga tambayar ƙaninki:
Me ya kai wannan gini rushewa?

Malamar Aji:
Ƙanena, rashin shaida ne ya ci shi,
Kowa cikin kansa yake leƙawa.

A Würzburg mutanen Külpe sun ce
Akwai tunanin da ba ya surantuwa.

Na Titchener suka ce sura na nan,
Horonku ne bai kai ga ganowa.

Wa zai shiga kan wani ya raba gardama?
Babu alƙali, babu sasantawa.

Titchener ya rasu a 1927,
Mazhabar ta bi shi, ba daɗewa.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, William James na Harvard
Batun tubali ya ƙi amincewa.

Ya ce hankali kogi ne mai gudu,
Ɗebo a bokiti, ya bar kwararowa.

Shekara 12 yana kan rubutu,
1890 ya kai ga kammalawa.

Shi tambayarsa, me tunani ke yi,
Me ya tsinana wa mai shi a rayuwa?

Mai Tilawa:
Baba, a wurina Ebbinghaus ne gwani,
1885 ya sa sikeli kan mantuwa.

Gaɓoɓi ya ƙera marasa ma'ana,
Kusan 2,300, don haddacewa.

Baƙi, wasali, baƙi, shi ke nan,
Don kada ma'ana ta yi taimakawa.

Ya haddace jeri har ba tuntuɓe,
Ya ajiye, daga baya ya yi komawa.

Ragin wahalar karo na biyu
Shi ne awon abin da ke riƙuwa.

Bayan minti 20, kashi 58,
Bayan awa, 44 ke wanzuwa.

Kwana guda 34, wata guda 21,
Zubar farko ita ce mai yawa.

Maimaici 68 a zama ɗaya,
38 a kwana uku na biyawa.

Masu hadda a tsangaya sun san haka,
Tilawar kullum ita ke zaunarwa.

Rauninsa dai, mutum ɗaya ne tak,
Shi ne mai gwaji, shi ake gwadawa.

Yaya Mai Gwaji:
Ga masu cewa a bar leƙen ciki,
A auna abin da ido ke hangowa.

Pavlov na Rasha, kan narkar abinci
Nobel ta 1904 ta yi zuwa.

Ya sa bututu a kumatun kare,
Ɗigon yawu ake ƙididdigewa.

Na'ura ta yi ƙas-ƙas, sai garin nama,
Sauti a gaba, nama na biyowa.

In ka juya, nama ya riga sauti,
Da ƙyar karen zai iya haɗawa.

Ka yi ta sauti ba ka ba da nama,
Yawun a hankali yake ƙafewa.

Bar shi ya huta, gobe ka buga,
Sai ka ga ɗigon yana dawowa.

Watson a 1913 ya shelanta:
Ɗabi'a kaɗai ce abin nazartawa.

Da shi da Rayner a 1920,
Albert ɗan wata 11 suke gwadawa.

Farin ɓera ya zo, ya miƙa hannu,
Guduma kan ƙarfe, suna dokawa.

Sau bakwai aka haɗa su, ya ishe shi,
Ya ga ɓera ko zomo sai fashewa.

Wannan zalunci ne, in faɗa a fili,
Yau kwamitin ɗa'a ba ya amincewa.

Skinner a 1938, ɓera a akwati,
Ya taka sanda, abinci na faɗowa.

Ladan kullum in ya yanke a daina,
Ladan jefi-jefi ke wuyar yayewa.

Anti Mai Jinya:
Malam, a yi mini afuwa, na juya amsa-amo zuwa "ya".

Yayana, kun auna yawu da ɓera,
Ina mai kuka a cikin zuciya?

Freud likita ne a birnin Vienna,
Can a ƙasar Ostiriya.

Shi da Breuer a 1895 sun kawo
Masu shanyewar hannu, jijiya lafiya.

Mai ciwo kan doguwar kujera,
Likita na zaune daga baya.

Faɗi duk abin da ya zo, kar ka tace,
Ko na kunya ne, ko na dariya.

Inda ka yi shiru, ko ka kauce,
Nan ya ce an binne ajiya.

Mafarki, a 1900, ya mai da shi guga
Mai ɗebo na ƙasan rijiya.

1923 ya kasa mutum uku:
Sha'awa, hankali, muryar tarbiyya.

Malamar Aji:
Yaya, Freud ya saurari mutane, na yaba,
Amma ga inda zan tsaya.

Ka yarda, ya ce fassara ta dace,
Ka musa, ya ce ai wannan turjiya.

Zancen da babu mai iya ƙaryata shi,
Ta wace ƙofa za a gane gaskiya?

Adler ya bar tafiyar Freud a 1911,
Jung a 1913 ya kama hanya.

Dattijon Zaure:
Wertheimer a Frankfurt, 1912,
Layin haske biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Tazara kashi 200 cikin dubu na sakan,
Ka ga biyu, wannan gaba, wancan baya.

In 30 ce, ka gan su a tare,
A 60 sai layi guda na tafiya.

Babu abin da ya gusa a allon,
Ido ke kama abin gaba ɗaya.

Mazhabar Gestalt ke nan ta tashi,
Ta ce tubali ba ya ba da siffar duniya.

Köhler a tsibirin Tenerife,
Gwaggon biri Sultan, ayaba ta yi wuya.

Sanda biyu, kowace ta gaza kai,
Ya zura ɗaya a bakin ɗaya.

Ya jawo ayabar, gobe ma haka,
Fahimta ce ta sauka lokaci ɗaya.

Malam Mai Darasi:
Maslow a 1943 ya jera buƙatu,
Ci da sha a ƙasa, sannan kariya.

Miller a 1956 ya ƙirga ƙwaƙwalwa,
Abu bakwai take riƙewa a tashi ɗaya.

Ɗan Autan Aji:
Yaya, raina na wurin Albert.
An cire masa tsoron, ko akwai hanya?

Yaya Mai Gwaji:
Ƙanena, an tafi da shi ba a cire ba,
Wannan tabo ne, abin jin kunya.

Hanyar ta zo a 1924,
Mary Cover Jones ce ta iya.

Yaron Peter ne, kusan shekara uku,
Ya ga zomo sai kuka da ja da baya.

Ta ba shi abincin da yake so,
Zomo a keji, can nesa ya tsaya.

Kullum a ɗan matso da kejin,
Daidai inda zai ci cikin lafiya.

In an yi gaggawa, tsoron ya rinjaya,
Kan abincin ma yana iya juya.

Ta kawo yaran da ba sa tsoro,
Suna shafa zomo, suna dariya.

A tsakiya ya kwanta wata biyu,
Babban kare ya razana shi bayan jinya.

Tsoron ya dawo, ta sake daga nesa,
Mataki mataki, ba gajiya.

Har ya bar zomo ya ɗan ciji yatsunsa,
Ya kuma ɗora shi a kan cinya.